Kwana 11 Babanmu a ai-si-yu, zawo ya ƙi tsayawa: mu ba shi furobayotik?

Ummu Khalil:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah masu ilimin lafiya da ke gidan nan ku ba ni shawara, kaina ya kulle. Yau kwanan Babanmu 11 a sashen kulawa ta musamman, wanda ake ce wa ai-si-yu. Ciwon huhu ne ya kwantar da shi, cutar ta shiga jini, har sai da aka sa masa na'urar numfashi. Alhamdu lillahi zazzaɓin ya sauka, an kuma rage maganin da ke riƙe masa jini kada ya faɗi. To amma kwana huɗu ke nan zawo ya sako shi gaba. Jiya ina tsaye aka canza masa shimfiɗa sau uku kafin lokacin ziyara ya ƙare, ruwa tsululu, da wani wari da ban taɓa jin irinsa ba. Fatar ƙugunsa har ta fara saɓulewa. Likitan da ya zagayo da safe ya ce magungunan da aka yi ta ɗura masa sun share ƙwayoyin hanjinsa masu amfani, kuma sun ɗauki bayan gidan za a gwada. Da Yayana ya ji haka sai ya ce ai abin da aka share sai a mayar. Ya sayo kafson furobayotik, wato rayayyun ƙwayoyi masu amfani da ake sha, yana so idan mun shiga gobe mu narka a ruwa mu zuba ta bututun hancin da ake ba shi abinci, ba sai mun gaya wa kowa ba. Ni zuciyata ba ta kwanta ba, amma ba ni da hujjar da zan ba shi. Shi ne babba.

Dakta Sani:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba Baba lafiya, ya saka muku da alheri kan wannan jinya. Kafin komai: kada ku zuba. Ko ruwa zalla kada ku sa a bututun nan ba da sanin nas ɗin da ke kansa ba. Ina bakin aiki yanzu, idan na fito zan yi miki bayanin dalili, ki samu abin da za ki faɗa wa Yaya.

Abu Maryam:
Allah ya ƙara sauƙi 'yar'uwa. Amma Dakta, da girmamawa, ni ban ga laifin Yayan nata ba. Likita da bakinsa ya ce ƙwayoyi masu amfani sun mutu. Furobayotik kuma su ne ƙwayoyi masu amfanin. Ni kaina bara na sha antibayotik na mako biyu, cikina ya ruɗe, na sha kafson nan, kwana uku na warware. Abin da ko takardar likita ba a nema kafin a sayar maka, ta ina zai cutar da mutum?

Sista Hajara:
Malam Abu Maryam, kai da ka sha kana tafiya da ƙafarka, kana cin abinci da bakinka. Wanda ake magana a kansa akwai bututu a maƙogwaronsa, akwai wani a babbar jijiyar wuyansa da ke zarcewa kusa da zuciya. Shekarata tara ina aiki a irin wannan ɗaki. Bari in gaya maka abin da ido ke gani: idan ka buɗe kafso, garin da ke ciki yana tashi, ya sauka a yatsunka, a kan zanen gado, a bakin famfon bututun jijiyar nan da ke rataye a kafaɗar majiyyaci. Garin nan rayayyun ƙwayoyi ne. Hannun da ya buɗe kafson idan ya taɓa famfon, ka kai su jini kai tsaye, ba su ma bi ta hanji ba. Akwai wani nau'in furobayotik na yis, Saccharomyces boulardii, da aka sha samun sa a jinin majiyyata, har da na gadon maƙwabta waɗanda ba su aka ba wa ba. Shi ya sa hukumar magunguna ta Tarayyar Turai ta sa aka rubuta a takardarsa cewa kada a ba masu tsananin rashin lafiya da masu raunin garkuwar jiki.

Abu Maryam:
To wannan ai matsalar tsafta ce Sista, ba matsalar maganin ba. Idan aka kiyaye fa?

Dakta Sani:
Na fito. Malam Abu Maryam, tambayarka tana kan hanya, kuma likitoci ma sun daɗe da irin wannan tunanin, har suka gwada shi a asibitoci cikin tsafta da kiyayewa. Bari in fara daga tushe.

Hanjin mai lafiya cike yake da bakteriya, mafi yawansu a babban hanji. Tsakaninsu da jininka babu komai sai shimfiɗa guda ɗaya tak ta ƙwayoyin halitta, da majina a kanta. Wannan shimfiɗar ita ce katangar, kuma duk kwana uku zuwa biyar jiki yake sabunta ta. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, abincin katangar nan ba daga jini kaɗai yake zuwa ba. Bakteriyan kirki suna narkar da ɓangaren abincin da mu ba ma iya narkarwa, su fitar da wani sinadari mai suna butiret, shi ne babban makamashin ƙwayoyin bangon babban hanji. Ban da haka suna cike wuri, suna cinye abinci, mugaye ba sa samun masauki. Su ne kuma suke horar da garkuwar jiki.

Yanzu ka ɗauki mutum kamar Baba. Lokacin da jininsa ya faɗi, jiki ya janye jini daga hanji ya tura wa ƙwaƙwalwa da zuciya. Maganin ɗaga jinin da aka sa masa ya ƙara matse jijiyoyin hanjin. Ya yi kwanaki bai ci abinci yadda ya saba ba. An ba shi maganin barci da na kashe raɗaɗi irin su mofin, masu sa hanji ya daina motsi. An ba shi maganin rage asid ɗin ciki don kada gyambo ya yi jini. Sannan antibayotik masu faɗin duka, wata ƙila biyu ko uku. Kowane ɗaya da dalilinsa, babu wanda aka ba shi don wasa, amma duka a kan hanji suke sauka. Katangar ta yi siriri, ta fara yoyo. To irin wannan katangar ce kake so a zubo mata biliyoyin rayayyun ƙwayoyi.

An gwada. A ƙasar Holan, binciken da aka wallafa a 2008 ya ɗauki mutum kusan 300 masu mummunan kumburin fankiriyas, gaɓar nan da ke samar da insulin. Rabi aka ba su furobayotik ta bututu, rabi aka ba su garin da babu komai a cikinsa. Masu binciken suna fatan rage kamuwa da cuta. Bai rage ba. Cikin waɗanda suka sha furobayotik kashi 16 cikin 100 suka rasu, ɗaya ɓangaren kashi 6. Mutum tara hanjinsu ya mutu saboda rashin isar jini, dukkansu a ɓangaren furobayotik, takwas daga cikinsu ba su tashi ba.

Za ka ce wancan ciwo daban ne. To ga wanda ya yi daidai da halin Baba. A 2021 aka fitar da sakamakon wani babban gwaji da aka yi a ai-si-yu 44 a Kanada da Amurka da Saudiyya, mutum sama da 2,600, duk a kan na'urar numfashi. Aka ba rabinsu Lactobacillus rhamnosus GG, wanda yana cikin furobayotik da aka fi bincika a duniya. Ciwon huhun da ake kamuwa da shi a kan na'ura: kashi 21.9 a masu sha, kashi 21.3 a marasa sha. Zawo ma bai ragu ba. Amma mutum 15 cikin masu shan an tsinci ƙwayar kafson a jininsu ko wani wurin da bai kamata a same ta ba, ɗaya ɓangaren mutum ɗaya kacal. Amfani babu, haɗari akwai. Garin neman gira ake rasa ido.

Ummu Khalil:
Innalillahi. Dakta na gode, Allah ya biya. Na tura wa Yaya yanzu. Amma abin da ke ci mini rai shi ne, idan ba za a mayar masa da su ba, haka za a zuba ido ke nan?

Zainab Lab:
Anti Ummu sannu da jinya. Ni a ɗakin gwaje-gwaje nake, ɓangaren ƙwayoyin cuta, bari in ƙara kaɗan kan na Dakta don a ga girman abin. Lissafin da aka sabunta a 2016 ya nuna jikin babban mutum yana ɗauke da bakteriya kusan tiriliyan 38, nasa ƙwayoyin halittar kuma kusan tiriliyan 30. Nauyinsu duka bai wuce giram 200 ba, amma iri-iri ne, ɗaruruwa a hanjin mutum guda. Kafson da Yaya ya sayo iri ɗaya ne a ciki, ko biyu, in ya yi yawa goma. Kuma ba su ne waɗanda aka rasa ba. Waɗanda suka fi muhimmanci, irin su Faecalibacterium prausnitzii mai yin butiret, iskar oksijin kashe su take yi, shi ya sa zuba su a kwalba a ajiye a kanta yake da matuƙar wuya. Waɗanda ake sayarwa su ne masu jure sarrafawa da ajiya.

Wani abin da ya ba ni mamaki lokacin da na karanta shi: ba antibayotik ne kaɗai ke rushe su ba. A Japan a 2011 an ɗauki samfuri daga mutanen da suke lafiya ƙalau sai babbar masifa ta faɗa musu farat ɗaya, kamar haɗari ko tsayawar zuciya, cikin awa shida da isowarsu asibiti. Tun a lokacin ƙwayoyin kirkin sun riga sun ragu ƙwarai. Ciwon kansa yana kashe su tun kafin magani ya yi nasa. Idan kwanciya ta yi tsawo kuma, a Jami'ar Chicago sun ga majiyyatan da hanjinsu ya koma iri ɗaya zuwa huɗu kawai, kuma waɗanda suka saura su ne Enterococcus da Staphylococcus da dangin Klebsiella da fangas ɗin Candida. Sunayen nan su ne dai nake rubutawa kullum a takardar sakamakon jinin 'yan ai-si-yu. Gonar da wuta ta cinye, ƙaya ce ke riga komai fitowa.

Baban Yusra:
Ku yi haƙuri zan shigo da zafi. Duk bayanin nan ya ƙara tabbatar mini da abin da ke raina shekara biyu. Mahaifiyata haka aka yi mata. Kwana 19 ana canza mata antibayotik, wannan ya ƙare a ɗauko wancan, babu wanda ya zaunar da mu ya ce ga abin da muke nema, ga ranar da za mu tsaya. Daga ƙarshe cikinta ya kumbura kamar ganga, aka ce wata ƙwaya ce ta kama hanjin. A kan hannuna ta cika. To idan kun san magungunan nan suna wannan ɓarnar, me ya sa kuke ɗura su haka? Ummu Khalil, ni da ni ne ke, cewa zan yi a tsayar da su duka.

Sista Hajara:
Allah ya jiƙan Mama, ya sa ciwon ya zama kaffara. Baban Yusra, rashin zaunar da ku da aka yi kuskure ne, babu wanda zai kare shi.

Dakta Sani:
Allah ya gafarta mata, ya ba ku haƙuri. Ba zan ce maka ba a wuce gona da iri ba, ana yi. An taɓa ƙidaya majiyyatan ai-si-yu a ƙasashe 88 a rana guda a 2017, aka samu kashi 70 cikin 100 suna kan antibayotik, alhali waɗanda ake zargi ko aka tabbatar suna da cutar da ke buƙatarsa kashi 54 ne. Wasu na rigakafi ne, amma ratar tana da abin faɗa. Sai dai shawarar a tsayar da komai ba zan bari ta wuce ba, don wani zai karanta ya yi aiki da ita. Cutar da ta shiga jini, wadda muke kira sefsis, an ƙiyasta ta kashe mutum miliyan 11 a duniya a 2017 kaɗai. Wanda ya zo jininsa ya faɗi, ƙa'ida ita ce a sa masa antibayotik cikin awa guda, tun ba a san sunan ƙwayar ba, shi ya sa ake farawa da mai faɗin duka. Da ba a yi wa Baban Ummu Khalil haka ba, da wuya a ce yau ana zancen zawonsa.

Inda gizo ke saƙar shi ne kwana na uku. Lokacin sakamakon su Zainab ya fito, an san ƙwayar, an san maganin da ke kashe ta. A nan ya kamata a sauke mai faɗi a koma wanda ya tsaya kan ƙwayar, a kuma sa ranar tsayawa. Ciwon huhun da ake samu a kan na'ura, galibi kwana bakwai ya isa idan mutum yana samun sauƙi. Tsoro ne ke sa mu ƙara kwanaki, kuma ni ma na taɓa ƙarawa, ina kallon majiyyaci ina cewa bari dai a ƙara biyu. Kowace rana ta ƙari hanji ne ke biya. Don haka Ummu Khalil, ga amsar tambayarki ta ɗazu. Ba zuba ido ake yi ba. Ki tambayi likitansa gobe: wane antibayotik yake kai yanzu, don wace ƙwaya, yaushe za a tsayar? Haƙƙinku ne, kuma likitan kirki ba ya jin haushin wannan tambayar.

Famasist Auwal:
Ina tare da Dakta a nan, amma zan jefo abin da zai dagula lissafin, don kada a tashi da tunanin cewa magana ta ƙare. Idan kare ƙwayoyin hanji shi ne komai, me za mu ce da abin da ake yi a Holan tun shekarun 1980? Can da gangan suke shafa wa wanda ke kan na'ura man antibayotik a baki, su zuba masa ta bututu sau huɗu a rana, kolistin da tobramaisin da maganin fangas, su haɗa da na jijiya na kwana huɗu. Manufar ita ce a kashe mugayen hanji tun ba su hau huhu ba, a bar na kirki marasa son iska, wato waɗanda oksijin ke kashewa. A gwajinsu na 2009, ai-si-yu 13, mutum kusan 6,000, mutuwa a kwana 28 ta ragu da kusan kashi uku da rabi cikin 100. Wato ƙarin antibayotik ya ceci rai.

Dakta Sani:
Haka ne Malam Auwal, amma ka faɗi sauran. Holan ƙasa ce da ƙwayoyi masu bijire wa magani ba su da yawa. Da aka maimaita a wasu ƙasashen Turai inda bijirewar ta fi yawa, sakamakon 2018 bai nuna raguwar cutar jini ba. A Ostareliya a 2022, mutum kusan 6,000, mutuwa kashi 27 a waɗanda aka yi wa, kashi 29 a waɗanda ba a yi wa ba, bambancin da lissafi bai iya tabbatar da shi ba. Kuma kolistin yana cikin makaman ƙarshe da suka rage mana. Ni ba zan shafa shi a bakin kowa da kowa ba a inda Klebsiella ta riga ta gagari kusan komai.

Famasist Auwal:
Na Turai na 2018 ai sun cire na jijiyar, ba cikakken tsarin suka gwada ba. Kuma kashi biyu cikin 100 a wurin da mutum ɗaya cikin huɗu ke mutuwa ba abin rainawa ba ne. Amma na yarda da kai kan kolistin. Abin da nake so a lura shi ne, tsarin nasu ma an gina shi ne a kan a bar marasa son iska su rayu. Wannan ya kawo ni ga abin da ya fi damuna a aikina. Akwai magunguna biyu da ake yawan farawa da su, fiferasilin-tazobaktam da sefefim. Na farkon yana kashe marasa son iskar nan sosai, na biyun bai cika taɓa su ba. A Jami'ar Michigan sun duba bayanan mutum sama da 7,500, suka yi amfani da wani lokaci da na farkon ya yi ƙaranci a kasuwa har dole aka koma na biyun. Suka ga mutuwa a kwana 90 ta fi yawa da kusan kashi 5 cikin 100 a waɗanda aka ba na farkon. A 2024 aka wallafa.

Dakta Sani:
Na karanta. Sai dai waiwaye ne aka yi cikin fayil, ba gwajin da ake raba majiyyata gida biyu da ƙuri'a ba. Gwajin da aka raba da ƙuri'a a 2023, mutum wajen 2,500, bai ga bambancin mutuwa ko lalacewar ƙoda a kwana 14 ba, ya kuma ga sefefim ya fi rikita ƙwaƙwalwa. Ni abin da na ɗauka daga ciki: idan cutar ba a ciki take ba, babu ƙurji mai ruɓa, ban ga dalilin ƙara metronidazol ko wani mai kashe marasa son iska don kawai hankalina ya kwanta ba. Da ina yi, yanzu na daina.

Abu Maryam:
Kun tafi can sama kun bar mu. Ni dai tambayata: in ba kafso ba, mene ne ke dawo da su?

Sista Hajara:
Abinci, Malam. Shi ya sa muke dagewa a fara ba majiyyaci abinci ta bututu cikin kwana ɗaya zuwa biyu da shigowarsa, ko da 'yan mililita ne a awa, muddin jininsa ya fara daidaita. 'Yan'uwa sukan ce mana mutumin da bai san inda kansa yake ba ina shi ina abinci, ai ƙarin ruwa ya isa. Ƙarin ruwa ba ya bi ta hanji. Hanjin da aka bari babu komai bangonsa yana zaizayewa, ƙwayoyin da suka rasa abinci kuma sai su koma cin majinar da ke kare bangon. Amma shi ma da awo, ba a cika shi lokaci guda. Wani babban gwaji a Faransa ya nuna cewa ɗura cikakken abinci ga wanda jininsa bai tsaya ba yana ƙara amai da zawo, har da mutuwar hanji a wasu. Shi ya sa za ki ga muna taɓa cikin, muna duba ko ya kumbura, muna ƙara gudun famfon sannu a hankali.

Ummu Khalil, abu biyu kuma. Ba kowane zawon ai-si-yu ne ƙwayar cuta ba, mafi yawansa ma ba ita ba ce. Wani lokaci maganin sakin ciki ne aka rubuta tun makon farko aka manta ba a soke ba, wani lokaci sinadarin zaƙin da ke cikin magungunan ruwa ne. Ki roƙi nas ɗin ta duba takardar magungunan. Na biyu, kafin sakamako ya fito, duk wanda ya shiga wurin Baba ya wanke hannu da sabulu da ruwa idan zai fita, ya cuɗa tsakanin yatsu sosai. Sanitaiza ba ya kashe ƙwan ƙwayar Clostridioides difficile, wato difisil, wadda nake zargin ita suke nema. Kuma kada kowa ya kawo maganin tsayar da zawo. Idan ita ce, tsayar da shi kulle guba ne a ciki.

Baban Yusra:
Wannan sunan ne. Shi aka rubuta a takardar Mama. Yau ne na fara jin abin da yake nufi.

Zainab Lab:
Allah ya jiƙanta Baban Yusra. Ita wannan ƙwayar wasu mutane suna ɗauke da ita lafiya lau, sauran ƙwayoyin sun danne ta. Idan aka share su sai ta samu fili, ta fitar da guba mai cin bangon babban hanji. A Amurka kaɗai an ƙiyasta ta kama mutum wajen 450,000 a 2011, kusan 29,000 suka rasu cikin wata guda da gano ta. Kuma a kanta ne aka samu hujja mafi ƙarfi cewa mayar da ƙwayoyin hanji yana warkarwa, sai dai ba da kafson kanti ba. Dashen bayan gida ake yi: a ɗauki na mai lafiya wanda aka tantance, a tace, a sa a hanjin majiyyaci. A Amsterdam a 2013, cikin mutum 16 da cutar take ta dawo musu, 13 sun warke da zubi ɗaya, biyu da na biyu. Waɗanda aka ba maganin bankomaisin kaɗai, 4 cikin 13. Sai da aka tsayar da gwajin tun bai kai ƙarshe ba saboda ratar ta yi yawa.

Maman Haidar:
Subhanallahi. Bayan gidan wani? Ni kam ban san ko zan iya sa hannu a yi wa nawa ba.

Zainab Lab:
Anti, wanda ya yi wata shida yana zawo sau goma a rana ba ya jin ƙyamar da muke ji. Kuma ba sabon abu ba ne, wani likitan Sin mai suna Ge Hong ya rubuta shi tun ƙarni na 4, an kuma yi shi a Amurka a 1958. Dalilin da ya sa yake aiki shi ne al'umma ce guda ake mayarwa, ba baƙo ɗaya ba.

Dakta Sani:
Gaskiya ne, amma kada wani ya ɗauka abin gida ne. A 2019 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi bayan mutum biyu masu raunin garkuwa sun kamu da E. coli mai bijire wa magani daga bayan gidan mai bayarwa guda, ɗaya ya rasu. Hujjar da ke akwai ta cutar difisil mai dawowa ce. Amfani da shi don sefsis ko don gyara hanjin ɗan ai-si-yu har yanzu rahotannin mutum ɗaya-ɗaya ne. Tun 1986 likitocin fiɗa suka kira hanji injin da ke tura gaɓoɓi su gaza ɗaya bayan ɗaya, kuma an samu bakteriyan hanji a huhun masu sefsis, amma hanyar gyara shi kai tsaye a gadon ai-si-yu ba ta nuna ba tukuna.

Ummu Khalil:
Salam 'yan'uwa, na dawo da labari. Sakamako ya fito jiya da yamma, ita ce, difisil ɗin. Sun mayar da Baba gadon gefe shi kaɗai, an ajiye riga da safar hannu a bakin ƙofa, an fara ba shi bankomaisin ta bututu sau huɗu a rana. Na yi wa likitan tambayoyi ukun da Dakta Sani ya ce. Ya buɗe fayil a gabana, ya ce ɗaya daga cikin antibayotik biyun an riga an tsayar shekaranjiya, ɗayan kuma yau ne kwanansa na ƙarshe. Nas ɗin ma ta duba, ashe akwai maganin sakin ciki da ake ba shi da dare, an soke. Yaya bai ce mini komai ba, amma da muka shiga na ga ya tsaya a bakin famfo yana cuɗa hannunsa da sabulu har gwiwar hannu, kwalbar kuma tana mota bai shigo da ita ba. Yau sau huɗu kawai aka canza shimfiɗa tun safe. Da na kira sunan jikansa ya matse mini yatsa. Tambayata ta ƙarshe: idan Allah ya tashe shi, hanjin zai koma yadda yake?

Zainab Lab:
Alhamdu lillahi Anti. Yana komawa, amma a hankali. A Denmak an ba samari 12 masu lafiya antibayotik uku masu ƙarfi na kwana huɗu, aka bi su. Cikin wata ɗaya da rabi hanjinsu ya kusa komawa daidai, amma bayan wata shida akwai iri tara da ba a sake ganin su ba a yawancinsu. Baba ya girme su, ya kuma fi su shan magani, nasa zai fi ɗaukar lokaci.

Abu Maryam:
To idan ya fito ya koma gida fa, an cire bututun duka? Lokacin ai kwalbar Yaya za ta yi amfani ko?

Dakta Sani:
Lokacin haɗarin ya ragu sosai, sai su tambayi likitan da zai sallame shi. Amma wani bincike a Isra'ila a 2018 ya ga waɗanda suka sha furobayotik bayan antibayotik ƙwayoyinsu na asali sun fi jinkirin dawowa a kan waɗanda ba su sha komai ba. Abin da na fi so ku riƙe shi ne, difisil tana dawo wa kusan mutum ɗaya cikin biyar, galibi cikin wata biyu da gama magani. Ummu Khalil, ki rubuta sunan ƙwayar da ranar da aka gano ta a takarda ki sa a jakar magungunansa. Duk likitan da zai rubuta masa antibayotik nan gaba, ko na haƙori ne, a nuna masa takardar kafin ya ɗauki biro. Idan zawo ya dawo sau uku a rana, a ranar za ku koma asibiti.

Baban Yusra:
Allah ya tashi kafaɗunsa. Ki gaida mana Baba idan ya farka.